In karɓi filashin ko in haƙura?

Zainab A.
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Ina shekara ta uku a digirin digirgir. Bincikena a kan dalilan da ke sa 'yan mata barin makaranta ne tsakanin aji shida na firamare da ƙaramar sakandare, a ƙananan hukumomi uku na wata jiha a Arewa maso Yamma. Akwai wani ofishi da ke riƙe da rajistar gidaje: yawan mutanen gida, shekarun yara, wa ke zuwa makaranta wa ba ya zuwa, sana'ar maigida, gona da dabbobi. Wata bakwai ke nan da na kai musu takardar neman bayanan daga sashenmu, haɗe da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a. Zuwana biyar. Kullum sai a ce takardar tana teburin oga. Shekaranjiya wani ma'aikacin wurin ya biyo ni har bakin ƙofa, ya ce in kawo filashi da ɗan na goro, zai zuba mini komai, har da sunaye da lambobin waya. Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba. Lokacina yana ƙurewa, kuɗin makaranta kuma ni nake biya. In karɓa?

Nura Gwale
Wa alaikumus salam. Karɓi abinki, ƙanwata. Da kuɗin jama'a aka tara bayanan nan, ke kuma ba sayarwa za ki yi ba. Ki goge sunayen da lambobin wayar da hannunki, shi ke nan. Da yawanmu da haka muka gama.

Baba Lawal
'Yata Zainab, kada ki karɓa. Nura, ka yi haƙuri, zan saɓa maka a gaban jama'a. Na yi kusan shekara talatin ina aikin tattara ƙididdiga kafin in yi ritaya, ƙauye-ƙauye, wani wurin da babur, wani wurin da ƙafa. Kafin mu buɗe takarda sai mun fara zuwa wajen dagaci, ya haɗa mu da mai unguwa, sannan a kowane zaure mu maimaita magana ɗaya: abin da kuka gaya mana ba mai ji, ba don haraji ba ne, ba za a kai wa hukuma sunanku ba. Da wannan alkawarin ne mutum yake faɗin shanunsa nawa, abin da ko ɗan'uwansa ba ya gaya wa. Da shi ne abokan aikinmu mata suke shiga cikin gida, mace ta lissafa musu haihuwa nawa ta yi, nawa suka rasu, tana goge ido da gefen mayafi. Ma'aikacin da ya biyo ki bakin ƙofa ba kayansa yake sayarwa ba. Amanar waɗancan mutanen ce, kuma ire-irena ne muka ɗauko ta da bakinmu.

Nura Gwale
Allah ya ƙara lafiya Baba, na ji. Amma ai na ce ta goge sunayen.

Dakta Aminu
Goge suna ba ya ɓoye mutum, Nura, kuma wannan ba zato ba ne. A 1997 a jihar Masacusets ta Amurka an saki bayanan asibiti na ma'aikatan gwamnati ga masu bincike bayan an cire sunaye da adireshi. Wata ɗaliba a lokacin, Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Kambirij da dala 20, ta haɗa ta da waɗancan bayanan ta hanyar abu uku kawai: ranar haihuwa, jinsi, da lambar yankin gidan waya. Da haka ta zaƙulo bayanan lafiyar gwamnan jihar kansa, William Weld. Daga baya ta lissafa cewa kusan kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ana iya ware kowannensu da waɗannan abubuwa uku.

To mu dawo gida. A ƙauye mai gida tamanin, maigida ɗan shekara sittin, mata uku, 'ya'ya goma sha tara, injin niƙa ɗaya, shanu arba'in. Ko yaron da ke tallar gyaɗa a garin zai gaya maka sunansa. Ka kuma tuna yankin da Zainab take magana a kai. Wurin da 'yan bindiga ke biyan infoma don ya nuna musu gidan mai abin hannu, takardar da ta jera wa ke da shanu, wa ke da ɗa a birni mai aiko da kuɗi, ga lambar waya a gefe, ba ƙaramin makami ba ce. Laftof ana sacewa a tasha. Filashi ana ara wa abokin karatu ya kwafi wani abu daban.

Kabiru Ɗanjarida
Duk na yarda da haɗarin, amma ina roƙo kada mu taya ma'aikatu rufe ƙofa. A aikina na ga yadda kalmar "sirri" ta zama bargon da ake lulluɓe komai da shi. Ka nemi yawan malaman da ke karɓar albashi a ƙaramar hukuma, a ce sirri ne. Ka nemi jerin rijiyoyin burtsatsen da aka ce an haƙa, a ce sirri ne. Wane talaka ake karewa a nan? Ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka ce mu miliyan 140 ne, aka shirya ta 2023 aka ɗage, ba ta da hujjar ƙara ɓoye ɗan abin da take da shi. Kuma abin da ya fi ci mini rai: ƙofar a rufe take ga Zainab da ta zo da takarda, amma a buɗe take ga mai na goro. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan lambar NIN ta 'yan Najeriya a kan naira 100. To wa aka tsare wa?

Barista Musa
Kabiru, abu biyu ka haɗa, kuma doka ta raba su. Yawan malamai da jerin rijiyoyi bayanan aikin gwamnati ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar nemansu, ta kuma ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa. In ta ƙi, kotu a buɗe take. Amma ita wannan dokar da kanta, a sashe na 14, ta keɓe bayanan da suka shafi rayuwar mutum. Don haka Zainab ba za ta iya amfani da ita ta karɓi rajistar gidaje ba.

Sai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ita ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ƙara tsanani a kan irin su lafiya, addini da ƙabila. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, dokar ba ta haramta bincike ba. Ta amince a yi amfani da bayanai don binciken ilimi da ƙididdiga, muddin an yi tanadin kariya. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ita ma ta hana fitar da abin da zai tona wanda ya ba da amsa. Matsalar ogan da ke zaune a kan takardar Zainab, a ganina, ita ce ya san in ya bayar abu ya ɓaci shi za a kama, in ya hana ba mai tambayarsa. Ba shi da wata hanya a rubuce ta cewa "e" ba tare da ya jefa kansa a ruwa ba.

Zainab, ban da maganar amana da Baba ya yi: ranar kare kundinki za a tambaye ki inda kika samo bayanan. Mujallun ƙwarai ma suna tambaya. Me za ki ce?

Zainab A.
Wallahi Barista wannan tambayar ce ta hana ni barci jiya.

Dakta Hadiza
Salamu alaikum, yanzu na fito daga aji na tarar da zancen ya yi nisa. Barista ya taɓo inda ciwon yake. Mu a tunaninmu hanya biyu ce: ko a ba ka bayanan ka tafi da su gida, ko a hana ka. Akwai ta uku, kuma da ita nake aiki a nan Ingila. Bayanan ba sa zuwa wurinka, kai ne kake zuwa wurinsu.

Bari in ba da labarin yadda na yi. Sai da na fara yin horo na ci jarrabawa kafin a sa sunana cikin masu binciken da aka tantance. Sannan na rubuta abin da zan bincika, da amfaninsa ga jama'a, da ainihin bayanan da nake buƙata, wani kwamiti ya duba. Abin da ban nema ba, ko na nema ban kawo hujjarsa ba, ba a ba ni. Aka cire sunaye da adireshi tun kafin in gani. Aikin kuma a cikin killatacciyar kwamfutar hukumar ƙididdigarsu nake yin sa: ba intanet, ba kwafa, ba turawa, ba wurin soka filashi. Wasu bayanan ma sai ka je wani ɗaki na musamman, ka ajiye wayarka a waje. Idan na gama lissafi, jadawalin da na fitar ba ya zuwa hannuna sai ma'aikatansu sun duba shi. In akwai gurbin da mutanen cikinsa ba su kai goma ba, sukan dawo mini da shi su ce in haɗe shi da wani ko in cire. An taɓa dawo mini da jadawali sau biyu saboda gurbi ɗaya mai mutum bakwai. Raina ya sosu a ranar, amma da na zauna na ga lallai wanda ya san unguwar zai iya gane su.

Wannan tsarin hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ce ta fara tsara shi wajen 2003, suna kiransa amintattu biyar, wato mutum, aiki, wuri, bayanai da sakamako, kowanne sai an amince da shi. Hikimar ita ce ba a dogara da ɗaya. In wurin ya tsaru sosai, ana iya barin bayanan da ɗan zurfi yadda za su yi amfani. A Amurka ma suna da cibiyoyi sama da talatin irin wannan, yawancinsu a jami'o'i. Can har rantsuwa mai bincike yake yi, wadda take kansa har ƙarshen rayuwarsa, kuma wanda ya fitar da bayanan wani zai iya shan ɗaurin shekara biyar ko tarar dala 250,000.

Nura Gwale
Dakta, wannan ai Ingila ce. Mu da sashenmu sai a yi kwana uku ba wuta.

Dakta Hadiza
Na san haka Nura, a gida na yi digirina na farko da na biyu. Amma ba Turai kaɗai ke yi ba. Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu tana da cibiyar DataFirst, kuma a cikinta akwai irin wannan killataccen ɗaki. Me ake buƙata? Ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya, kwamfutoci huɗu ko biyar da ba a haɗa su da intanet ba, sola da batir, akwatin ajiye waya, littafin shiga da fita, da ma'aikaci biyu da aka horar su duba sakamako. Rashin intanet a nan ma alheri ne. Abin da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke kashewa a gini ɗaya ya isa a yi irinsa a wurare da dama. Kayan ba su ne masu wuya ba. Mai wuyar shi ne mutanen da za su tsare ƙa'ida ko da ɗan oga ne ya zo.

Baba Lawal
Nan ne kika faɗi gaskiya, Dakta. Ba a ba kura ajiyar nama. In wanda ya biyo Zainab bakin ƙofa shi za a ba makullin ɗakin, an yi aikin banza.

Maman Ilham
Ni roƙona ɗaya ne in har za a kai maganar nan gaba. Kada a yi ɗakin a Abuja kaɗai. Ina da yara huɗu, ina koyarwa, ina digiri na biyu. Ba zan iya barin gida in kama otal a Abuja wata guda ba, kuma maigidana ba zai amince ba, ba kuma zan ga laifinsa ba. In aka yi haka, masu kuɗi da masu tallafin waje ne za su ci gaba da rubuta labarin ƙauyukanmu. A sa a Zariya, a Kano, a Sakkwato, a Maiduguri, inda jami'o'in suke.

Issoufou Damagaram
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, ga kuma INS mai riƙe da ƙididdigar ƙasa. Amma ɗalibin da ke Damagaram ko Maraɗi, in yana son abin da ya wuce rahoton da aka buga, hankalinsa Yamai yake komawa. Maganar Maman Ilham ta shafe mu.

Dakta Aminu
Zainab, kafin a gina ɗaki ke kina da kundi a gabanki, don haka bari in yi maganar yau. Kin duba abin da yake a buɗe? Binciken lafiya da yawan jama'a na NDHS, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, yana da shekarun karatun kowane ɗan gida, da shekarun aure, da ma'aunin arzikin gida. Na 2018 an zaɓi gidaje 42,000 a rukunai 1,400, wato ƙananan yankunan da aka ɗebo gidajen daga ciki. Rajista ake yi, a bayyana aikin da za a yi, a yi alkawarin ba za a ba wani ba kuma ba za a yi ƙoƙarin gano kowa ba. Dubi dabarar da suka yi wa taswira: wurin kowane rukuni ana gusar da shi da gangan, har kilomita 2 a birni, har 5 a karkara, kashi ɗaya cikin ɗari na rukunan karkara kuma har kilomita 10. Kina iya auna nisan yanki da makaranta a kan kusan-kusan, amma ba ki iya nuna ƙauyen da yatsa. Akwai kuma binciken gidaje da NBS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010, wanda ake komawa gidaje ɗaya ana sake tambayarsu bayan 'yan shekaru. Ga mai son ganin yarinyar da take aji biyar a zagayen farko ina ta kwana a na gaba, wannan ya fi rajistar da aka ɗauka sau ɗaya.

Zainab A.
Na duba su Malam, har na yi babi guda da NDHS. Inda na maƙale shi ne, an tsara shi ne ya yi magana a kan jiha, ba ƙaramar hukuma ba. A ɗaya daga cikin ƙananan hukumomina rukunin da ya faɗo bai taka kara ya karya ba. Ni kuma abin da nake son nunawa shi ne bambancin da ke tsakanin ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka, wadda aka rufe makarantunta saboda tsaro da wadda ba a rufe ba.

Dakta Aminu
Kin yi gaskiya, kuma wannan shi ne ramin. Ƙananan hukumomi 774 gare mu, amma yawancin abin da yake a buɗe a jiha yake tsayawa. Abin da ya sauka ƙasa yana cikin rajistocin ma'aikatu, su ne kuma ba su da ƙofar shiga ta halal.

Kabiru Ɗanjarida
Ku ƙara da wannan. A farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin USAID, hukumarta ta ba da tallafi a ƙasashen waje, shirin DHS, wanda NDHS ke ƙarƙashinsa, gaba ɗaya ya tsaya cik. Ranar ce na gane cewa hanyar da ɗalibanmu suka fi samun bayanan ƙasarsu cikin mutunci, a hannun wasu take. Sannan a Disambar 2024, jim kaɗan bayan NBS ta fitar da rahoton da ya ce 'yan Najeriya sun biya kuɗin fansa sama da naira tiriliyan biyu cikin shekara guda, hukumar ta sanar da cewa an yi wa shafinta kutse. Ku yi tunanin gidajen da suka amsa tambayoyin wancan binciken, suka ce e, an sace mana mutum, mun biya kaza. Na janye rabin maganata ta ɗazu: irin waɗannan amsoshin ban yarda a zuba wa kowa a filashi ba, har da ni. Amma sauran rabin ina nan a kai. Duk ɗakin da za a yi, a rubuta wa'adin amsa, kuma in an hana mutum a gaya masa dalili a rubuce. In ba haka ba za a mayar da shi wurin tace masu binciken da sakamakonsu ba zai yi wa gwamna daɗi ba.

Dakta Hadiza
Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. Masu duba sakamako a inda nake aiki abu ɗaya suke dubawa, ko za a gane wani. Ba ruwansu da ko abin da na gano ya yi wa gwamnati daɗi. In aka haɗa biyun, tsarin ya mutu.

Barista Musa
Zainab, ga abin da nake ba ki shawara. Ki sake rubuta takardar, amma ki daina neman "rajistar". Ki jera ainihin abin da kike so: shekarun yarinya, ajin da ta tsaya, girman gida, rukunin sana'ar maigida, mazaɓa a maimakon ƙauye. Ki rubuta ƙarara cewa ba kya son suna, ba kya son lambar waya, ba kya son adadin dabbobi. Ki ce kin yarda ki yi aikin a ofishinsu, a kwamfutarsu, a gaban ma'aikacinsu, ba za ki fita da komai ba sai jadawalin da suka duba suka sa hannu. Shugaban sashenku ya sa hannu a matsayin mai tsaya miki. Wato ki kai wa ogan ƙaramin samfurin ɗakin Dakta Hadiza, yadda zai iya amincewa ya kuma kare kansa in an tambaye shi. Zan rubuta miki daftarin yarjejeniyar, ba sai kin biya ba.

Nura Gwale
In suka sake ajiye ta a teburi wata bakwai fa? Ni tsorona ke nan, don na ga waɗanda lokacinsu ya ƙare suna jira.

Baba Lawal
Zai iya faruwa, Nura, ba zan yi maka ƙarya ba. In ya faru sai ta rage faɗin binciken, ta shiga garuruwan da ake iya shiga ta tambayi mutane da bakinta, da izininsu. Zainab, in kin tashi kai takardar ki gaya mini ranar. Gwiwata ba ta son matakala yanzu, amma zan raka ki. Irin waɗannan ofisoshin har yanzu suna jin nauyin furfura.

Zainab A.
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na gode malamaina duka. Mutumin ya kira ni ɗazu da la'asar ban ɗauka ba, yanzu zan tura masa saƙo in ce na fasa. Barista, zan turo maka jerin abubuwan da nake buƙata yau da dare bayan isha'i. Dakta Hadiza, don Allah ki turo mini ƙa'idar nan ta mutum goma yadda suke rubuta ta, in sa a cikin takardar. Baba, Litinin ko Talata, duk wadda ta fi maka sauƙi.

Baba Lawal
Talata, ƙarfe tara, in sha Allahu.